Darasi: Shamuwa da Danginta, Baƙin Damina Masu Taimakon Manomi

Manoma da yawa a ƙasar Hausa ba sa jiran sanarwar rediyo kafin su san damina ta kusa. Da zarar an ga shamuwa ta sauka a kan kukar bakin gari, sai a soma sharar gona, a gyara fartanya, a fito da iri. Iyayenmu sun san wannan alama, mu ma mun gāje ta. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san inda shamuwa take fitowa, da abin da ke kawo ta, da abin da take bukata kafin 'ya'yanta su tashi.

A wannan darasi za mu duba rayuwar shamuwa da danginta. Za mu ga cewa sau ɗaya kawai take yin 'ya'ya a shekara, kuma a cikin garuruwanmu take yinsu. Saboda haka abin da muka yi da itatuwanmu, da fadamunmu, da maganin feshi a cikin wata uku na damina, shi zai nuna ko jikokinmu za su ga shamuwa ko kuwa sai dai su ji labarinta. Ana iya karanta darasin a taron ƙungiyar manoma, ko na mata, ko a ajin yaƙi da jahilci. Akwai tambayoyi don tattaunawa a ƙarshe.

SU WANE NE DANGIN SHAMUWA?

Masana sun kasa tsuntsaye dangi dangi. Dangin shamuwa suna da iri kusan 20 a duniya, 8 daga ciki ana samunsu a Afirka. Dukansu suna da dogayen ƙafafu, dogon wuya, da baki mai tsawo da ƙarfi. Yawancinsu suna neman abinci ne a bakin ruwa, suna takawa a hankali cikin ruwa marar zurfi. Ga waɗanda ya kamata mu sani:

• Shamuwa tamu ta gida. Ita ce ƙarama a cikin dangin duka. Tsawonta kamar santimita 75 ne, nauyinta ya ɗara kilo 1 kaɗan. Bayanta baƙi, cikinta fari, gwiwoyi da yatsu ja. A littattafan masana tana ɗauke da sunan Abdim, wani gwamna da ya yi mulki a arewacin Sudan, kuma tun 1823 aka sa mata sunan.

• Farar shamuwa ta Turai. Ta fi tamu girma, fara ce mai baƙin gefen fiffike, baki da ƙafafu ja. Da rani take zuwa wurinmu, ba ta yin ƙwai a nan.

• Babba-da-jaka, wanda wasu ke kira borin tinke. Tsayinsa yakan kai mita 1 da rabi. Kansa ba gashi, kuma yana cin mushe tare da ungulu.

• Mai rawayan baki, wanda ke kamun kifi a tafkuna.

• Mai buɗaɗɗen baki, baƙi ne ƙirin, dodon koɗi ne abincinsa.

• Mai sirdi a baki, dogo ƙwarai, bakinsa ja da baƙi, da wani rawayan fata a samansa kamar sirdin doki.

Zalɓe da balbela suna kama da su, amma dangi dabam ne. Hanya mai sauƙi ta bambanta su ita ce a dube su a sama. Zalɓe da balbela sukan naɗe wuya in suna tashi. Shamuwa kuwa takan miƙe wuya gaba, ta miƙe ƙafafu baya. Babba-da-jaka ne kaɗai a cikin na Afirka yake janye wuyansa saboda nauyin bakinsa.

YADDA JIKINSU YA DACE DA AIKINSU

Kowace gaɓa a jikin waɗannan tsuntsaye tana da aikinta. Dogayen ƙafafu suna sa su shiga ruwa ko ciyawa ba tare da gashinsu ya jiƙe ba. Yatsunsu suna da 'yar fata a gindinsu, don kada su nutse cikin laka.

Fukafukansu masu faɗi ne. Da hantsi, in rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi takan tashi sama. Shamuwa takan buɗe fukafukai ta bar wannan iska ta ɗaga ta, tana kewayawa kamar shirwa, har ta yi nisa a sama. Daga nan sai ta sulalo gaba har ta sami wata iskar ta sake hawa. Da haka take yin doguwar tafiya ba tare da ta gaji da kaɗa fiffike ba. Shi ya sa da rana suke tafiya, kuma suna guje wa ƙetare babban teku, domin irin wannan iska ba ta tashi sosai a kan ruwa.

Ba su da murya irin ta sauran tsuntsaye. Abin da suke yi shi ne kaɗa baki, na sama ya riƙa bugun na ƙasa da sauri. Shamuwa tamu takan ƙara da ɗan siririn fito in tana kan sheƙa.

Wani lokaci mukan ga ƙafafunsu sun yi fari kamar an shafa farar ƙasa. Ba ciwo ba ne. In zafi ya yi yawa sukan yi kashi a kan ƙafafunsu, ruwan da ke cikin kashin yana bushewa yana sanyaya jinin da ke bin ƙafar, kamar yadda tulu ke sanyaya ruwa.

Jakar da ke reto a wuyan babba-da-jaka ma, mutane da yawa suna zaton nama yake ɓoyewa a ciki. Iska ce yake hurawa a cikinta. Tana taimaka masa rage zafin jiki, yana kuma nuna ta a lokacin neman mace.

KOWA DA ABINCINSA

Ko da yake dangi ɗaya ne, ba sa rububin abinci iri ɗaya. Mai rawayan baki yakan tsoma bakinsa cikin ruwa a ɗan buɗe, yana motsa laka da ƙafa ɗaya. Da kifi ya taɓa bakin, sai ya rufe nan take. Ba ya bukatar ganin kifin, don haka ko a gurɓataccen ruwa yana samun abinci. Mai buɗaɗɗen baki yakan riƙe dodon koɗi, ya zura tsinin bakinsa na ƙasa, ya yanke naman ya zaro, ya yar da katantanwar kusan ba ta fashe ba. Babba-da-jaka yana share mushe da sharar mahauta, yana kuma cin kifi da kwaɗi.

Shamuwa tamu ta bambanta da su. Takan huta a bakin tafki ta sha ruwa, amma a gona da makiyaya take kiwo. Babban abincinta fāra ce da tsutsotsi masu cin ganye. Takan haɗa da kwaɗi, ƙadangaru, da ƙananan ɓeraye. Binciken da aka yi a kudu maso gabashin Nijar ya nuna tana cin irin fārar nan da ke lalata gero. A kudancin Afirka ma an san ta da bin tsutsar da ke afka wa gonaki da makiyaya tuli guda.

Mu lura da abu ɗaya. Shamuwa ba za ta iya tsai da babban garken farin ɗango ba, irin wanda ya afka wa ƙasashen Sahel a 2004, ya haɗu da ƙarancin ruwa ya jawo yunwa a Nijar a 2005. Aikinta shi ne rage fārar da ke ƙyanƙyashewa a cikin gonakinmu kowace damina. Tana yin wannan aiki daga safe zuwa yamma, ba a biyanta ko kwabo.

DAGA INA TAKE ZUWA?

Shamuwa tana bin damina ne duk inda ta nufa. Tana yin 'ya'ya a yankin da ya miƙe daga Senigal, ya bi ta Mali, Nijar, arewacin Nijeriya, Chadi da Sudan, har Habasha da Yaman. Takan iso wurinmu wajen watan Afrilu ko Mayu. In kaka ta yi, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sai su taru garke garke su nufi kudu maso gabas, su ƙetare tsakiyar duniya. A lokacin ne damina take sauka a Tanzaniya, Zambiya, Zimbabuwe da Afirka ta Kudu. Can suke zama har wajen Maris.

A 2006 aka wallafa binciken wasu masana daga Danmak, waɗanda suka ɗaura wa shamuwoyi ƙananan na'urori a Nijar suka bi sawunsu ta tauraron ɗan Adam. Tsuntsayen sun sauka a Tanzaniya, tafiyar kusan kilomita 3,000, akwai kuma wadda ta zarce har Zimbabuwe. Wato shamuwar da ta kwana a kan tsamiyarmu, ita ce manomin Tanzaniya yake gani a gonarsa bayan wata biyu.

Farar shamuwa kuwa daga arewa take zuwa. Da yake tana gudun Bahar Rum, hanya biyu take bi: ta mashigin Jibralta tsakanin Sifaniya da Maroko, ko ta Turkiyya da Masar. Turawan dā ba su san inda take ɓacewa da hunturu ba. A 1822 aka harbo wata a arewacin Jamus, da mashin Afirka a soke a wuyanta. Ta yi tafiyar dubban kilomita da shi. Wannan ya tabbatar musu cewa Afirka take zuwa. Har yau gawarta tana ajiye a jami'ar Rostok.

Rayuwar farar shamuwa tana rataye da ƙasarmu. A shekarun fari na 1970 zuwa 1980 da 'yan kai, lokacin da ruwa ya ƙi sauka a Sahel, yawan waɗanda ke komawa yammacin Turai ya ragu ƙwarai, domin ba su sami abinci a nan ba.

SHEƘA, ƘWAI DA 'YA'YA

Bari mu bi shamuwa tamu daga ranar da ta sauka har ranar da 'ya'yanta suka tashi.

Zaɓen wuri. Shamuwa tana son manyan itatuwa a cikin gari ko a gefensa, kamar kuka, tsamiya, rimi da gawo. Wani wuri takan yi sheƙa a kan jinka ko a kan dutse. Ba ta yin sheƙa ita kaɗai. Bishiya ɗaya takan ɗauki sheƙuna da dama, wani lokaci har da na balbela. Ta saba da mutane domin tun dā ba a taɓa ta.

Neman aure. Namiji ne yakan fara kama wuri, sau da yawa tsohuwar sheƙar bara. Mace takan matso, da fari ya kore ta, ta sake dawowa, har ya yarda. A wannan lokaci fatar fuskarsu takan yi shuɗi mai haske, da ja a gaban ido. Sukan gaisa da sunkuyar da kai da kaɗa baki.

Gini. Da ƙirare suke gina sheƙa, faffaɗa kamar faifai, su shimfiɗa ciyawa da ganye a tsakiya. In ba a rushe ta ba, baɗi gyara kawai za su yi. Wannan yana rage musu wahala, su yi ƙwai da wuri. A Turai akwai sheƙunan farar shamuwa da aka yi shekaru ana ƙara musu ƙirare har nauyinsu ya kai ɗaruruwan kilo.

Ƙwai. Yawanci 2 ko 3 take sakawa, ba a rana ɗaya ba. Namiji da mace suna karɓa-karɓa wajen kwanci, har kwana 30 ko 31.

Ƙyanƙyasa. Da yake ba rana ɗaya aka saka ƙwan ba, kuma tun kafin a gama sakawa ake fara kwanci, 'ya'yan ba sa fitowa tare. Akwai babba, akwai auta. In abinci ya wadata duka za su rayu. In ya yi ƙaranci babban ne yake cinyewa, auta ya mutu. Saboda haka yawan 'ya'yan da suka tashi daga sheƙa yana nuna mana yawan abincin da ke kewaye da gari.

Reno. Ɗan shamuwa ba kamar ɗan tsako yake ba, wanda ke bin uwa tun ranar farko. Yana fitowa ba ƙarfi, ba ya iya tsayuwa. Iyaye sukan haɗiyo abinci a gona, su zo su amayar a tsakiyar sheƙa, 'ya'ya su tsince. A makonnin farko ɗaya yakan tsaya gadi, ɗaya ya tafi kiwo. In rana ta take, mai gadin yakan buɗe fukafukai ya yi musu inuwa.

Tashi. Bayan kwana 50 zuwa 60 da ƙyanƙyasa 'ya'yan suke fara tashi.

Yanzu mu yi lissafi. Kwana 30 na kwanci, a tara da kwana 50 zuwa 60 na reno, ya zama kwana 80 zuwa 90. Kusan wata uku ke nan, ban da kwanakin gini. In ta yi ƙwai a Mayu ko Yuni, 'ya'yan za su tashi a Agusta ko Satumba, daidai lokacin da fāra ta cika daji, gero kuma yana fid da kai. Kazarmu ta gida takan yi kwanci sau da dama a shekara, ta fito da 'yan tsaki goma ko fiye. Shamuwa kuwa 'ya'ya biyu ko uku ne rabonta a shekara. In an rushe sheƙa a tsakiyar damina, da wuya ta sami lokacin sake wani zagaye kafin tafiya. Wahalar shekara ta tafi a banza.

KOWA YANA JIRAN LOKACINSA

Doka ɗaya ce ke bin dangin duka: kowane iri yana auna ƙwansa ne yadda 'ya'ya za su fito a lokacin da abincinsa ya fi yawa. Shamuwa tana jiran fāra, don haka da damina take yi. Mai buɗaɗɗen baki yana jiran ambaliya ta cika fadama dodon koɗi ya yawaita. Mai rawayan baki da babba-da-jaka sun fi son 'ya'yansu su girma lokacin da ruwa ke janyewa, kifi ya taru a ƙananan kududdufai, kamu ya yi sauƙi. Ɗan babba-da-jaka yakan wuce wata uku a sheƙa kafin ya tashi, kuma sai ya kai shekara 4 kafin shi ma ya yi nasa. Mai sirdi a baki ba ya shiga taro. Shi da matarsa kaɗai suke sheƙa a kan doguwar bishiya kusa da babban ruwa, kuma suna bukatar fili mai faɗi.

Wannan ya nuna mana cewa cikar fadama da janyewarta a kan lokaci su ne agogon waɗannan tsuntsaye. Su ne kuma agogon masunci, da mai noman shinkafa, da mai noman rani, da makiyayi. In agogon ya rikice, kowa zai ji a jikinsa.

ABUBUWAN DA KE YI MUSU BARAZANA

A lissafin masana na duniya, shamuwa tamu ba ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Amma gari yana iya rasa nasa ko da akwai su a wani wuri. Babba-da-jaka misali ne. A Kamfala da Nairobi yana sheƙa a tsakiyar birni, a Afirka ta Yamma kuwa ganinsa ya yi wuya.

1. Sare manyan itatuwa. Itacen girki, gawayi, katako da faɗaɗa gini suna cinye kuka da tsamiya da rimi. Bishiyar da za ta ɗauki sheƙa tana bukatar shekaru masu yawa kafin ta kai.

2. Guba. Tsuntsun da ya ci fārar da aka yi wa feshi da yawa, gubar tana taruwa a cikinsa, ya kuma kai wa 'ya'yansa. Feshin da ake yi wa jan-baki a wurin kwanansu yakan kashe wasu tsuntsayen da ba su ake nufi ba. Zuba gamalin ko wani maganin ƙwari a tafki don kama kifi yana kashe kifi manya da ƙanana, da kwaɗi, da duk mai ci daga ruwan. Mu tuna cewa mu ma muna cin soyayyar fāra, muna cin kifi.

3. Rikicewar ruwa. Fadamar Haɗeja da Nguru tana cikin wuraren da tsuntsayen ruwa suka fi taruwa a Sahel. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika ta kowace shekara ta ragu, yanayin gudun ruwan ya sāke. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta cinye gonaki da wuraren su. Tafkin Chadi, wanda ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ragu ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980. A shekara ta 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayi masu muhimmanci a duniya, a ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Baturiya a Jigawa da Dagona a Yobe sun shiga jerin a 2008.

4. Damun sheƙa. Harbi da danƙo, jifa, da hawa don ɗibar ƙwai. In iyaye suka firgita suka tashi, hankaka da shirwa sukan ɗauki ƙwai, rana kuma ta gasa 'ya'ya. Ɗan da ya firgita ya faɗo ƙasa, iyaye ba su cika bin sa su ciyar da shi ba.

ƘORAFIN MAƘWABTA

Wanda bishiyar shamuwa ke cikin gidansa yana da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare shi. Kashinsu yana ɓata tsakar gida, yana wari, yana iya faɗawa cikin rijiya ko randa. Ana iya rage wannan damuwa ba tare da an sare bishiya ba. A rufe rijiya da randa da murfi. A kau da murhu da wurin shanya daga ƙarƙashin bishiyar har damina ta wuce. In ana tarar ruwan sama daga rufin kwano, a bar na farko ya wanke rufin ya zube kafin a tara. A share kashin a zuba cikin ramin taki, domin taki ne mai ƙarfi, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya da Nijar a 2006, akwai ƙa'idar da ba ta sākewa. In aka ga tsuntsu ya mutu ko yana layi, kada a taɓa da hannu, kada a ci, kada a bar kaji ko yara su kusance shi. In sun mutu da yawa a wuri ɗaya, a gaya wa malamin dabbobi ba tare da ɓata lokaci ba.

ABIN DA ZA MU IYA YI

• Mu zagaya gari tare da mai unguwa da dattawa mu san kowace bishiyar da ake sheƙa a kanta. A amince cewa ba sara, ba datsa, ba hayaƙi a ƙarƙashinta daga saukar shamuwa har tafiyarta.

• In dole ne a rage rassa, a yi tsakanin Disamba da Maris, a bar rassan da ke ɗauke da sheƙa.

• Mu dasa itatuwan da za su gāji tsofaffin, mu yi musu shinge saboda awaki. Mu riƙa barin tohon gawo da tsamiya da ya fito da kansa a gona.

• Kafin feshi mu nemi shawarar malamin gona. A fesa inda ɓarnar take kawai, a bi awon da aka rubuta, a nisanci tafki da bishiyar sheƙa. Mu tambaya ko ana samun maganin fāra da ake yi daga wani irin naman gwari mai kama fāra kaɗai, kamar Green Muscle, wanda aka gwada a Nijar a shekarun 1990. Yana ɗaukar kwanaki kafin ya kashe, amma ba ya cutar tsuntsaye da dabbobi.

• Kada a kama fāra don ci ko sayarwa a inda aka yi feshi.

• Masunta da sarkin ruwa su tsaya a kan hana zuba guba a tafki.

• Mu ba yara aikin ƙirga. Turawa sun fara ƙirga sheƙunan farar shamuwa a ƙasashe da yawa tun 1934, da haka suka gane lokacin da ta ragu da lokacin da ta farfaɗo. Littafin rubutu ɗaya ya ishe mu. A rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa, ranar ruwan shuka, yawan sheƙa a kowace bishiya, yawan 'ya'yan da suka tashi, da ranar tafiya. Bayan shekara biyar gari zai ga da idonsa ko alamar iyayenmu tana nan daidai, ko lokaci ya fara sākewa. Yaron da ya ƙirga 'ya'yan sheƙa da kansa, da wuya ya ɗaga mata danƙo.

• In an tsinci mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa, a rubuta lambar da ke jiki, da rana, da wuri, a kai wa ma'aikatan gandun daji.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum ɗaya ba zai iya kare bishiyar gari ko tafkin gari ba, sai an yi shawara an ɗaure magana. Yanzu, kafin baƙin su iso, shi ne lokacin yin wannan shawara.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. A kan waɗanne itatuwa shamuwa take sheƙa a garinmu? Nawa ne a yau, nawa ne kuma a lokacin ƙuruciyar dattawanmu? Me ya faru da sauran?

2. Waɗanne al'adu ne iyayenmu suka bi da suka hana a taɓa shamuwa? Yaranmu sun san su?

3. Tun da kusan wata uku sheƙa take bukata, waɗanne ayyukanmu na damina ne suke iya damunta? Yaya za mu sāke musu lokaci ko wuri?

4. Wane ne yake yanke shawarar yin feshi a gonakinmu? Wa yake sanar da masu kama fāra, da masu kiwo, da masu ɗibar ruwa?

5. A wane wata fadamarmu take cika, a wane wata take janyewa? Haka take shekara ashirin da suka wuce? Su wa abin ya shafa ban da tsuntsaye?

6. Yaya za mu taimaki gidan da bishiyar sheƙa ke cikinsa, don kada nauyin ya zauna a kan mutum ɗaya?

7. Wa zai riƙe littafin ƙirga na bana, kuma a wane taro za a karanta wa jama'a abin da aka samu?